Kwalbar Man Da Cindo Ya Aika Yamai

Cindo ya zuba gazuwal, man manyan motoci, a cikin man dogon yaron da ɗiyarsa Bara'atu ta ce a aika mata Yamai. Bai gaya wa kowa ba.

Shekara arba'in da wani abu ke nan yana gyaran famfon mai da anjaktar a Malbaza, ƙarƙashin rumfar kwano, daura da hanyar da motocin siminti ke fitowa. Anjaktar shi ne ƙarfen nan mai kama da yatsa da ke fesa mai a cikin inji. A bakinsa akwai ƙofofi da ba su kai kaurin gashi ba. In feshin ya fita kamar tururi, mota ta zauna lafiya. In ya ɗiga, inji ya soma cin kansa. Cindo bai yi karatun boko a lakwal ba sai shekara biyu, kuma bai taɓa cewa ya yi asara ba. Mota ta tsaya a gabansa inji na aiki, kafin direba ya gama gaisuwa ya faɗa masa wanne ne ke ciwo, na biyu ko na huɗu. Ba ya maimaita magana. Ba ya roƙo. Direbobi na tsoronsa, kuma suna dawowa.

Cikin 'ya'yansa bakwai, Bara'atu ce kaɗai ta bi ƙarfe. Ita ce auta. Tana shekarar ƙarshe a makarantar injiniyoyi, kuma ba a ba da difloma a can sai ɗalibi ya yi aiki guda ya nuna ya yi. Tun da man da ake shigowa da shi daga Najeriya ya yi tsada, masu motoci ke kuka daga Konni har Galmi. Sai ta zaɓi wannan: ta sa motar gazuwal ta yi tafiya da man 'ya'yan dogon yaro. Man ba shi da wuya. Gwaggonta Hawa'u, ƙanwar Cindo, ita ce shugabar matan Tajaye da ke tsintar 'ya'yan suna matsewa don sabulu.

Ta kira shi a waya.

"Baba, lita guda nike so. Yadda ya hito daga wurin Gwaggo. A ba direban bas."

"Mi za a yi da shi?"

"Za a auna kaurinsa a ɗakin gwaji, in sa lambar cikin kwamfuta."

"To."

Ranar kasuwa jarkar Hawa'u ta iso. Cindo ya wanke kwalba, ya zuba, ya ɗaga ta wajen rana. Man ya yi duhu, tsakanin kore da ƙasa-ƙasa, da wani laka-laka yana kwanciya a gindi. Wari kuwa kamar tafarnuwar da ta kwana uku a rufe. Ya tsaya yana kallo. Ya hango malaman Yamai cikin fararen riguna suna buɗe kwalbar nan, suna toshe hanci, ɗaya na tambayar ɗaya ɗiyar wane ce ta kawo wannan.

A gidansu ba a haka. Abin da za shi birni zaɓe ake yi. Rago a wanke shi, gero a sheƙe shi sau biyu, albasa a fitar da mai tabo. Ubansa haka ya yi, shi ma haka ya tarar.

Ya ɗauko tsohon ɗankwalin matarsa ya tace man sau uku. Lakar ta fita, amma yana zuba a hankali kamar zuma. Ya duba kusurwar rumfa inda galan ɗin gazuwal yake. Ya rage man, ya cika da gazuwal, kamar kashi ɗaya cikin uku, ya girgiza. Ya sake ɗagawa wajen rana. Yanzu ya yi garau kamar shayi. A ransa ya ce ai kwamfuta aikin takarda ne, abin nuna wa malamai. In ƙarfe ya zo hannu, shi zai daidaita shi yadda ya saba.

Da kwalbar ta isa ta sake kira.

"Ta iso, Baba. Shi ne dai yadda ya hito?"

"Shi ne."

Ba ta yi mamakin ƙanshin gazuwal a jikin kwalbar ba. Duk abin da ya fito daga rumfar nan haka yake, har goron da ke aljihunsa.

Bayan wata biyu ta dawo gida da kwamfuta a jaka da ƙaramin kwali. A cikin kwalin akwai bakin anjaktar guda huɗu, sababbi, waɗanda makaranta ta sa aka ƙera a waje bisa lissafinta. Ta share gefen teburin aikinsa da tsumma ta buɗe kwamfutar.

"Zo ka ga injin da ba shi da ƙarhe."

Ya zo, hannu a baya, don kada ta ce bai zo ba. A fuskar na'urar an yanka cikin inji biyu kamar yadda ake fafe ƙwarya. Fistan na hawa a hankali. Da ya kusa sama sai feshi ya fito daga bakin anjaktar, shuɗi, ya bazu rassa biyar, ya gauraya da iska, ya koma ja. Ta tsayar, ta mayar baya, ta sake saki. Cindo ya matso. Shekara arba'in yana jin abin nan da kunne, yana ganin sawunsa a kan fistan bayan an kwance inji. Bai taɓa ganinsa yana faruwa ba. Kuma haka yake, ba ƙarya a ciki.

Ta ce, "Kana gaya mata kaurin mai, da zahinsa, da ƙarhin famfo, da girman ƙofa. Ita kuma ta nuna maka abin da zai faru. Sau ɗari uku da 'yan kai na gwada. Ƙofa huɗu, biyar, shida. Da ƙarhe ne, inji nawa munka kashe?"

Ya ƙara matsowa. Can ya ce, "In man ya hi haka kauri fa?"

"Bari ka gani."

Ta goge lamba guda ta rubuta wata. Feshin ya daina bazuwa. Ya fito zare-zare, ya tafi ya bugi bango, ya gangara. Jan ya zo a makare, ya bar baƙi a gefe.

"Ka gani? Waɗanga ƙofohin nawa ƙanana ne, don man bai kai yadda nike tsoro kauri ba. Da ya yi kauri, sai su toshe, man ya sauka cikin baƙin mai, inji ya mutu. Shi ya sa anka auna."

Cindo ya dubi zaren nan yana bugun bango. Magana guda ce, kuma ga ta a kan harshensa. Amma a bakin rumfa akwai direbobi uku zaune kan benci, sun miƙo wuya suna kallon ɗiyar Cindo da na'urarta.

Ya ce, "Ruhe. Ƙurar siminti na shiga."

Motar gwaji ta Alhaji Isiyaku ce. Tare suka yi yaron mota da Cindo tun ba su da gemu, suna kwana ƙarƙashin tirela a Konni. Yanzu yana da motocin kanta biyu masu jigilar albasa da siminti. Ya ba da tsohuwar, da direbanta Mutari. Sharaɗin makaranta shi ne motar ta yi kilomita dubu da kaya, da man dogon yaro zalla, kafin babbar salla. In ba ta yi ba, babu difloma bana.

Kwana biyu suna aiki, uba da ɗiya. Ta ƙara tanki na biyu, ta naɗa bututun man a jikin bututun ruwan zafi don ya ɗumama kafin ya kai famfo. Cindo ya ɗaura sababbin bakunan da hannunsa. Ya yi niyyar in ta juya baya ya ƙara musu ƙarfi, ko hakan zai rage ɓarna. Sai ta zaro kwalbar jan farce daga jaka ta ɗiga a kan kowane noti.

"Don malamai su san ba a taɓa ba," ta ce.

Mutari ya kwashe da dariya. "Yau ga mota da jan farce! Saura kwalli da gazal, Injiniya, sai mu kai ta ɗakin miji."

"Kai dai ka riƙe sitiyari, Mutari. Kada ka kashe min amarya."

Tankin man ma ta sa masa kwaɗo, ta rataya makullin a wuya. Kowace lita da hannunta take aunawa tana rubutawa. Cindo ya ga kwaɗon. Hanyar da ta rage masa ke nan ta gyara ba tare da magana ba, ita ma ta rufe.

Aka tayar da gazuwal. Da inji ya yi zafi ta murɗa famfon ta mayar da shi kan man dogon yaro. Motar ta ɗan yi tari ta ci gaba. Wari mai ɗaci ya cika titi, mai shayi ya yi ta tsaki, mutane suka yi ta tafi. Bara'atu ta juyo tana dariya, idonta ya kawo ruwa.

"Baba, ka ji?"

Ya ji. Ƙarƙashin ƙarar akwai wani bugu mai nauyi, kamar ana dakan jiƙaƙƙen gero. Babu wanda ya ji shi a wurin sai shi.

Ya ce, "Tana aiki."

Rana ta farko Mutari ya kai albasa Konni ya dawo. Ta biyu haka. Ta uku ya ce motar na jin nauyi a hawa, Bara'atu ta rubuta, ta ce wataƙila matacin mai ne, ta canza. Kullum da yamma in motar ta shigo, Cindo na jin bugun ya ƙaru. Kullum ya ce gobe da safe zai faɗa. Da safe kuma sai ga mutane.

Rana ta huɗu aka loda mata siminti zuwa Illela. Da hantsi waya ta yi ƙara. Mutari ne. Bayan Tsarnawa, a kan hawa, farin hayaƙi ya turnuƙe, inji ya yi ƙara guda ya tsaya, motar ta soma komawa da baya da kayanta. Da ƙyar ya karkata ta cikin yashi.

Da la'asar aka jawo ta. Cindo ya kwance inji a gaban jama'a. Bakunan nan huɗu kowanne ya yi ƙaho na baƙin gawayi. Baƙin mai a ƙasa ya zama kamar danƙo, sai da cokali. Sandar fistan na uku ta karye ta fasa jikin injin, ramin ya isa mutum ya sa dunƙulen hannu.

Alhaji Isiyaku ya zo, ya leƙa ramin, ya daɗe. Bai yi faɗa ba.

"Ƙaddara ce," ya ce. Sa'an nan ya dubi Bara'atu. "Ɗiyata, karatu daban, ƙarhe daban. Ga babanki nan. Da kin aje akwatin nan kin tambaye shi, da ba mu zo nan ba."

Aka ce gaskiya ne. Wani ya ce ai Malam Cindo da kunne kaɗai ya fi kwamfuta goma. Wani ya ce mace da inji dai sai a hankali. Bara'atu na tsaye da baƙin mai har gwiwar hannu, kanta a ƙasa. Cindo ya ci gaba da goge sifana. Yabon ya sauka a kansa, bai kauce ba.

Kwana tara tana ɗaki da kwamfuta. Ta bi lissafin daga farko, layi-layi. Ta kira malaminta, ya bi shi ma, ya ce bai ga kure ba. Ta sake bi. Tuwo ya zo ya koma. Rana ta shida Cindo ya shigo tsakar gida ya tarar da ita zaune bakin ƙofa.

"Baba, ka yi haƙuri. Na zubar maka da girma gaban mutane. Alhaji don kai ya ba da motarsa."

Ya tsaya. Ya duba bango.

"Ci abinci," ya ce, ya wuce.

A rana ta goma ta fito da gwangwanin tumatir, ta huda gindinsa da ƙusa. Tana da ragowar man da aka auna a Yamai, ta dawo da shi cikin 'yar kwalba. Ta cika gwangwanin da shi, ta duba agogon wayarta har ya tsiyaye. Ta wanke, ta cika da man da ke tankin motar. Wannan ya yi ta ɗiga, ya yi ta ɗiga, ya ɗauki fiye da ninki uku na lokacin. Ta maimaita. Haka.

Ta same shi a rumfa.

"Ba lissahi ba ne, Baba. Mai ne. Wanda Gwaggo ta aiko na farko daban, wanda ta aiko na mota daban. Gobe za ni Tajaye."

"Mi za ki ce mata?"

"Tambayarta zan yi."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Ina rakiyarki."

Sun sami Hawa'u a bayan gida da mata biyar. Biyu na daka 'ya'yan dogon yaro, sauran na murza ƙullin da ruwan zafi a cikin kwano, man na fitowa ta tsakanin yatsunsu. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Bara'atu ta ajiye kwalabe biyu a gaban gwaggonta.

"Gwaggo, ba hushi na zo da shi ba. Wanga shi ne kinka aiko na farko. Wanga na biyu. Ba iri ɗaya ba ne. Ko na farkon kun yi masa wani aiki na daban, na biyun kuma anka yi sauri?"

Tabarya ta tsaya. Hawa'u ta goge hannu a zane.

"Sauri? Ke Bara'atu, ni kike cewa na yi sauri? Shekara ashirin ina matsar man ga, tun kina yawo ba wando. Miƙo nan."

Ta ɗauki ta biyun ta shinshina. "Wanga nawa ne." Ta ɗauki ta farkon ta ɗaga, ta karkata ta, ta ɗiga a yatsa ta sa a harshe. Ta tofar.

"Wanga ba nawa ba ne. Nawa in kin lasa, har gobe kina tuna ni. An sa masa hannu." Ta juya. "Yaya, ni cikin jarka na aiko maka. Wa ya zuba a kwalba?"

"Ni."

"Wa ya kai tasha?"

"Ni."

Matan nan duk sun bar aiki. Cindo ya dubi ƙasa tsakanin ƙafafunsa, sa'an nan ya ɗago.

"Na tace shi sau uku. Na zuba gazuwal. Kashi ɗaya cikin uku."

Bara'atu ba ta motsa ba. Da ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa ce.

"Don mi, Baba?"

"Ba shi da kyan gani."

Hawa'u ta tafa hannu. "La ilaha illallahu! Kunyar maina ka ji, Yaya? Shi munka ci, shi munka sha tun da maigidana ya rasu, kai kuma ka yi masa wanka za shi birni? To ai ga shi ya dawo maka da tsaraba."

Babu wadda ta yi dariya.

Bara'atu ta ce, "Ranar da na nuna maka a kwamfuta, ka tambaye ni in ya hi kauri. Ka gane a lokacin?"

"Na gane."

"Da Alhaji ke magana gaban mutane?"

Ya sunkuyar da kai. Ta durƙusa ta ba gwaggonta haƙuri, ta roƙi lita guda daga kwanon da ake murzawa. A motar komawa suna kujera ɗaya, ƙafarsa na taɓa tata har Malbaza. Da suka sauka ba ta bi shi gida ba. Ta wuce tasha ta ba direban Yamai man da hannunta, ta tsaya har bas ya tashi.

Bayan kwana uku aka kira ta da sabuwar lamba. Ta koma kan kwamfuta. Ba ta kira shi ya gani ba, amma ba ta rufe ƙofa ba, shi kuma ya riƙa samun dalilin wucewa. Ya ga zaren nan yana bugun bango. Ya ga ta faɗaɗa ƙofofin, ta ƙara zafi, ta ƙara ƙarfin famfo, ta matso da lokacin feshin gaba kaɗan. A hankali zaren ya warware ya bazu. Kwana biyu ta yi. Allah ya taimake ta, girman da lissafin ya nuna akwai irinsa a kasuwa, ba sai an ƙera ba. Ta tafi Konni wurin masu kayan gyara ta samo huɗu.

Ta kawo su rumfa ta ajiye a kan tebur.

"A gwada."

Ya ɗaura ɗaya a injin gwaji na hannu. Ta ɗumama man a tukunyar shayi har ma'aunin zafi ya kai inda take so, ta zuba. Ya danna hannun. Feshin ya fita da 'yar ƙara mai kaifi, ya tashi kamar tururi, bai bar ɗigo ko ɗaya a baki ba. Ya danna sau goma. Duk ɗaya. Ya gwada sauran ukun.

"Daidai ne," ya ce. Bai taɓa gaya wa wani mai gyara haka ba.

Ta ce, "Na sani. Amma ba mota."

Saura kwana goma sha biyu salla. Injin da ya fashe ba ya gyaruwa sai an sami wani jikin, an nema har Sakkwato ba a samu ba. Masu motocin garin duk sun ga ramin nan da idonsu, babu mai ba da tasa. Mota guda ce ta rage mai irin injin da aka yi lissafin a kansa, ita ce kantar Alhaji Isiyaku ta biyu.

Bara'atu ta soma naɗe wayoyin kwamfuta. "Na gaya wa malam. Ya ce in dawo baɗi in sake."

Cindo ya wanke hannu da sabulu har sau biyu. Ya shiga gida ya sa rigar Juma'a ranar Talata, ya fita.

Alhaji Isiyaku na zaune a rumfarsa ta tasha, kan kujerar roba, direbobi da 'yan kamasho kewaye da shi. Mutari na gefe yana cin tsire. Da suka ga Cindo cikin babbar riga aka soma tsokana.

"Malam Cindo, aure za a ƙara?"

"Ko Makka za a koma da ƙafa?"

Bai kula su ba. Aka ba shi kujera, bai zauna ba.

"Isiyaku, magana na zo da ita."

"Mu shiga ciki."

"A'a. Nan anka yi waccan, nan za a yi wagga."

Ya faɗa musu. Bai tsawaita ba, bai rage ba. Kwalbar, ɗankwalin, gazuwal ɗin, da wayar da aka tambaye shi ya ce shi ne. Ya ce lissafin ɗiyar bai yi kure ba, abin da aka ba na'urar shi ta yi aiki da shi. Ya ce wanda ya ce kunnensa ya fi kwamfuta goma ya janye maganarsa. Yanzu an gyara, ya gwada da hannunsa, feshi ya yi daidai. Kwana goma sha biyu suka rage. Yana roƙon kanta ta biyu.

Alhaji Isiyaku ya cire tabarau ya riƙe.

"Ranar da anka tada ta, kana tsaye. Ka ji?"

"Na ji."

"Tun ranar farko?"

"Tun ranar farko."

"Kwana uku tana shiga rumfarka da marece."

"Haka ne."

Mutari ya ajiye tsinken tsire. "Baba Cindo, ni ne cikin motar ga. Da safiyar ran nan na gaishe ka, ka ce Allah kiyaye hanya. Siminti ne bayana, kan hawa. Ɗiyata ta fari ko suna ba a yi ba."

Cindo ya dube shi. "Na sani, Mutari."

"Ka sani."

Alhaji Isiyaku ya ce, "Da ka ce ka yi kure, Cindo, kowa na yi. Ni na taɓa zuba ruwan batir cikin birki, kana wurin, kun yi wata kuna min dariya. Amma ka ji, ka yi shiru. Ka bar ni na buɗe baki na ci mutuncin yarinya gaban jama'a, kana goge sifana."

"Na yi."

"Yau mota guda gare ni. Gida biyu ke ci cikinta."

Cindo ya tattara babbar rigarsa. Gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya durƙusa a ƙasar tasha, cikin ɓawon rake da baƙin mai, gaban mutumin da suka yi shekaru suna raba kwanon shinkafa guda. 'Yan kamasho suka kawar da kai. Wani dattijo ya ce subhanallahi.

"Ba don ni ba. Shekararta ce za ta tahi. Ita za ta ɗaura da hannunta, ni ko sifana ba ni taɓawa. In kana so ko rumfar ba ni zama har a gama."

"Tashi, Cindo."

"Sai ka amsa."

Alhaji Isiyaku ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Ya dubi kantar da ke tsaye a rana ana loda mata buhunan albasa. Ya mayar da tabarau a fuskarsa.

"A'a. Ba ni ba da mota."